Shafina a mace, mita kuma tana ta gudu

Shekaranjiya wani yaro da nake ɗan koya wa haɗa shafukan intanet ya turo min saƙo, wai Oga don Allah wane sikirif ɗin catin (wato 'yar manhajar hira) ne mai kyau na kyauta, yana so ya maƙala wa shafin ƙungiyar tsofaffin ɗalibansu ɗakin hira. Na tambaye shi wane irin hostin suke kai, wato wurin da suke haya ake ajiye musu shafin, ya ce irin mai arahar nan da ake biya shekara-shekara. Na ce masa kar ka soma. Ya ce me ya sa Oga, ai na gwada a kwamfutata yana aiki lafiya lau. Na fara buga masa amsa a WhatsApp sai na ga abin yana neman zama littafi, to bari kawai in zube shi a nan, shi ya karanta, wani ma ya karanta, ni kuma in huta da maimaita labarin dala 300 ɗin da aka ce in biya a kan ɓarnar da ba ni na yi ba.

A 2022 ina da wani ɗan shafi na labarin ƙwallo da Hausa. Ba wani babban abu ba ne, ni da abokina ne muke rubuta labarai da sharhin wasa, wani lokacin mu ɗauki murya ta minti goma sha wani abu mu ɗora. Hostin ɗin na wani kamfani ne a ƙasar waje, ba zan kama suna ba, dala 8 a wata, da bandwit gigabait 200. Ga wanda bai sani ba, bandwit shi ne datar shafi. Duk wanda ya buɗe hoto ko ya sauke murya, nauyin abin nan ana zare shi ne daga kasonka na wata, daidai yadda ake zare datar wayarka. Ni ko kwata ban taɓa ci ba. A akawun ɗin nan guda kuma na jibga shafukan kwastomomina uku, wata makarantar kuɗi, wani mai kemis, da wata hajiya mai atamfa da leshi, don me zan biya hostin huɗu alhali ɗaya ya ɗauke mu duka. Wannan wayon nawa shi ya zo ya ɗaure ni daga baya.

Da aka fara gasar cin kofin duniya ta Katar ranar 20 ga Nuwamba sai tunani ya zo min, me zai hana in saka ɗakin hira a shafin, mutane suna kallon wasa suna caccakar juna. Mu da muka taso zamanin 2go mun san daɗin abin nan, ka shiga ɗaki ba ka san kowa ba ku raba dare kuna musu. Na samo wani sikirif na kyauta da aka rubuta da yaren manhaja na PHP, cikin minti ashirin na ɗora shi, kuma wallahi ya karɓu fiye da yadda na zata. Ranar da Saudiyya ta ci Ajantina 2-1 ɗakin kamar zai tsage.

Abin da ban damu in fahimta ba a lokacin shi ne yadda irin wannan sikirif yake aiki a ƙarƙashin ƙasa. Burauzar duk wanda ke cikin ɗakin tana komawa wurin saba, wato kwamfutar da shafin yake zaune a kanta, duk bayan sakan 2 tana tambaya ko akwai sabon saƙo. Ko akwai ko babu, sai sabar ta tayar da PHP, PHP ta buɗe MySQL inda ake ajiye saƙonnin, ta duba, ta dawo ta ce babu, bayan sakan 2 a sake. Kun san yaro mai azumin farko da yake leƙa kicin kowane minti yana cewa Mama an kusa shan ruwa? To ka tara irinsa 150 a gida ɗaya. Mutum 150, kowa duk sakan 2, tambaya 75 kenan a sakan ɗaya, 270,000 a awa. Mai karanta labari kuwa yana buɗe shafi ɗaya ne ya zauna a kansa minti ɗaya ko biyu, sabar tana hutawa. WhatsApp da Telegram ba haka suke yi ba, su layi suke buɗewa su bar shi a buɗe, in saƙo ya zo sabar ce take turo maka. A burauza ma akwai hanyar yin haka, WebSocket, tun 2011 aka kammala ƙa'idarta, amma tana buƙatar manhajar da za ta zauna tana gudana dare da rana a kan saba, shi kuma hostin na haɗaka yawanci ba ya yarda da wannan, shi ya sa sikirif ɗin kyauta suke komawa zaryar nan.

Hostin na haɗaka gidan haya ne mai ɗakuna da yawa, rijiya ɗaya, banɗaki ɗaya. Kamfanin nawa da wata manhaja mai suna CloudLinux yake killace kowa, ni iyakata 20 ce, wato aikin PHP 20 ne kaɗai zai iya kasancewa a hannu lokaci guda, na 21 sai a nuna masa farin shafi mai lamba 508, ma'ana ka cinye kasonka na ƙarfin saba. Lokacin manyan wasanni mutane sukan ce min Admin shafin yana ɗaukewa, in ce musu netwok ɗinku ne. Ashe 508 ɗin ce take min sallama ina ƙin amsawa.

Sai ranar Asabar 10 ga Disamba. Maroko ta cire Fotugal da ci ɗaya, En-Nesyri ya tashi sama ya sa kai, Ronaldo ya fita fili yana kuka, daren jiyansa kuma Ajantina ta tsallake Holan a bugun fenareti, to kun san abin da 'yan Messi za su yi wa 'yan Ronaldo. Da farko raha ce. Bayan isha'i wani ɗan Ronaldo ya fara zagin iyaye, ba ashar ɗin wasa ba, zagi na fitar hankali, har da kiran wata yarinya da ke ɗakin da sunan da ba zan rubuta ba. Na ja masa kunne sau biyu, na uku na yi bulokin ɗinsa. Ya dawo da wani suna, na sake. A zuwansa na uku layi ɗaya ya rubuta, ya ce in jira in ga abin da zai sami wannan banzan shafin nawa. Na yi dariya na ce mun ji, na kwanta.

Lahadi wajen goma na dare komai ya tsaya. Shafin ƙwallo 508, na makaranta 508, na kemis 508, na Hajiya 508. Na shiga cPanel, wurin sarrafa hostin ɗin, da ƙyar na goge sikirif ɗin catin ɗin, ban ga canji ba, saboda shafin WordPress ne, ko fayil babu shi in aka nema sai PHP ta tashi ta ce babu. Litinin da safe Hajiya ta kira, ta ce ɗana lafiya kuwa, kwastoma ta ce ba ta ganin kayan, na ce Hajiya ki yi haƙuri gyara ake yi. Na buɗe tikiti wurin masu sapot, suka ce suna dubawa. Talata Ajantina ta lallasa Kuroshiya 3-0 ta kai wasan ƙarshe, ranar da ya kamata a ce shafina ya fi kowace rana cika, ni kuwa ina zaune ina danna rifiresh kamar mai jan carbi.

Duk tsawon lokacin nan hankalina yana kan 508. Ko sau ɗaya ban kalli ma'aunin bandwit ba, don a tunanina shafin da ya mutu me zai ci?

Laraba da safe imel biyu suka shigo a jere. Na farko ya ce an dakatar da akawun ɗina saboda na karya sharuɗɗa, sashe kaza, wanda ya hana ɗora IRC (wani tsohon tsarin hira) da ɗakunan hira da duk sikirif mai yawan zarya wurin saba. Na biyu ya ce na ci terabait 1.4 a wannan watan, an cire gigabait 200 nawa, saura 1,200, kowanne a kan santi 25, jimla dala 300. A lokacin dala ta haura naira 700 a Wapa, wato sama da naira 210,000, a kan shafin da tallan da nake samu a cikinsa ko kuɗin data ba ya mayar min.

Da na samu suka turo min rajistar sabar na zauna na karanta sai na gane harin kashi biyu ne. Kashi ɗaya yana ta dukan fayil ɗin catin, shi ne ya cika gurbi 20 ɗin nan ya kashe shafukan. Ɗaya kashin kuma a hankali yake aikinsa, yana ta sauke wani sharhin murya da muka ɗora mai nauyin megabait 6, sauke shi kuwa ba ya buƙatar PHP, don haka katangar 508 ba ta tare shi ba, sabar tana ta miƙawa. Na buga lissafi, sau wajen 233,000 cikin awa 60, kusan sau ɗaya kowane sakan, daga lambobin IP, wato adireshin na'ura a intanet, na ƙasashe barkatai. Kun san irin bil ɗin ƙiyasin nan da ake kawo wa unguwar da taransifomarta ta ƙone wata biyu? Haka na ji. Mutanena ba sa iya shiga, amma mita ba ta tsaya ba.

Laifina na farko a nan yake, kuma gara in faɗe shi da bakina. Ranar da na sayi hostin ɗin akwai wani ɗan zaɓi da aka ba ni: in bandwit ya ƙare a rufe shafi har wata ya mutu, ko a bar shi a buɗe a caje ni rarar. Na zaɓi na biyu, ina ganin kaina ƙwararre, wai kar shafin kwastoma ya taɓa rufewa. Da na zaɓi na farko da gigabait 200 na cika cPanel za ta nuna 509 ta ja ƙofa, iyakar asarar kenan. Abin dariyar ma, sun gwada cire kuɗin kai tsaye daga katina, katin ya ƙi, saboda a shekarar ne bankunanmu suka rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, wasu ma suka rufe gaba ɗaya. Dokar da na yi wata da watanni ina tsine wa ita ce ta tsare min asusu.

Na rubuta musu doguwar wasiƙa da Turancina na fushi. Na ce ku da kanku kun ga rajista, kun san ba baƙina ba ne, hari ne, ta yaya za ku caji wanda aka yi wa fashi kuɗin motar ɓarayi. Amsarsu cikin ladabi take amma babu tausayi a ciki: data ta fita ta layinsu ko wa ya ja ta, sharuɗɗa sun ce mai akawun ne ke da alhakin duk abin da ya fita, sannan a wasu lokuta suna yafewa amma ba ga wanda ya ɗora abin da aka hana ba. Wannan jimlar ta ƙarshe ita ta kashe min baki. Sikirif ɗin minti ashirin ya cinye min duk wata hujja, laifina na biyu kenan.

Sai na tafi wurin ogana da na koyi aiki a hannunsa, mutum ne da ya daɗe yana kula da sabobi tun zamanin kafe. Na zayyana masa komai ina jiran ya taya ni zagi. Ya gama ji ya ce, ƙanena, ka karanta sharuɗɗan kafin ka biya? Na ce Oga wa yake karanta wannan abin. Ya ce to zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, wanda ya kai maka hari yana can yana shan shayi kai kana nan kana faɗa da mai gidan haya.

Shi ya fara ba ni tarihin dokar, daga baya na bi na karanta da kaina. Ashe tsohuwar doka ce, ta girmi Facebook. IRC, kakan duk ɗakunan hirar intanet, wani ɗalibi ne a Finlan mai suna Jarkko Oikarinen ya ƙirƙiro shi a 1988, kuma tun shekarun 1990 ya zama filin daga, yara suna faɗa a kan wa zai mallaki ɗaki, wanda aka kora sai ya rama ta hanyar tura wa sabar cunkoso har ta faɗi. A Janairun 2001 an yi wa cibiyar IRC ta Undernet irin wannan luguden, a ƙarshen 2002 zuwa farkon 2003 aka yi wa DALnet wanda a lokacin tana cikin mafiya girma, har masu ba su sabobi kyauta suka riƙa janyewa saboda wutar tana cin nasu kasuwancin. Daga nan kamfanonin hostin suka koyi darasi, inda duk aka tara mutane suna hira kai tsaye za a yi faɗa, inda aka yi faɗa za a kori wani, wanda aka kora kuma wani lokacin yana dawowa da fetur. Wato abin da ya faru da ni a 2022 an riga an rubuta shi a sharuɗɗan tun ina firamare, suna ne kawai ba a sa ba.

Kuma ba kai kaɗai abin yake ci ba. A gidan haɗaka shafuka da yawa ne suke kan lambar IP ɗaya. In harin ya yi girma abin da kamfani yake yi shi ne ya sa a zubar da duk abin da aka aiko wa lambar nan tun daga nesa, mai kyau da marar kyau, wato ya kashe lambar da hannunsa don sauran sabobi su tsira, duk maƙwabtanka kuma sun tafi tare da kai, mutanen da ba su san Ronaldo ya yi kuka ba. In ka kalle shi ta nan, kai ma in kai ne mai gidan ba za ka ba mai ɗakin hira haya a dala 8 ba.

Abin da ya fi ba ni haushi da na yi lissafi, harin da aka kai min ko sunan hari bai cancanta ba. Terabait 1.4 a awa 60 bai wuce megabit 50 da ɗoriya a sakan ba. A Satumban 2016 an tura wa shafin ɗan jaridar nan na Amurka Brian Krebs wajen gigabit 620 a sakan, ninkin nawa sama da sau dubu goma, har kamfanin Akamai da ke kare shi kyauta ya ce ba zai iya ci gaba ba, sai Google ce ta ɗauke shi a shirinta na Project Shield. Da Mirai aka yi wannan aikin, wata muguwar manhaja da ke kame kyamarorin tsaro da rauta na gidajen mutane waɗanda ba a canza musu fasuwod ba, ita ce kuma ta durƙusar da Dyn, kamfanin da ke nuna wa burauza hanyar zuwa manyan shafuka, ranar 21 ga Oktoban shekarar, Twitter da Netflix suka ɗauke wa mutane da yawa a Amurka. Da aka kama waɗanda suka rubuta ta, samari uku ne, suka amsa laifi a Disambar 2017, kuma asalin abin har da rigimar sabobin wasan Minecraft. Wasan yara fa. Shi kuma mai jin haushi ba sai ya iya komai ba, haya ake bayarwa. Webstresser da 'yan sandan Turai suka rufe a Afrilun 2018 tana da masu rajista sama da 136,000, kuma da yuro 15 a wata ma kana iya sayen hari. Wato mai yin ɓarnar ya kashe abin da bai kai kuɗin cefanen mako ba, wanda aka yi wa kuma a miƙo masa bil ɗin dala 300. A Najeriya dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta irin wannan, amma da me zan je wurin hukuma, da layi ɗaya na wani mai sunan bogi da lambobin IP na ƙasashen da ban taɓa zuwa ba?

To a kan dokar catin na sauko, suna da gaskiya, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Amma a kan kuɗin har gobe ban sauko ba, kuma na gaya wa Oga haka. Na ce Oga su da suke da ma'auni a gabansu, akawun ɗin da bai taɓa wuce gigabait 50 a wata ba ya ci 500 a kwana ɗaya, tikitina yana buɗe tun Litinin ina cewa ana kai min hari, babu wanda ya ce bari mu tsayar ko mu aika masa gargaɗi, sai da ta kai 1,400 sannan aka tuna da sashe kaza? Ya ce a nan kam kana da magana. Ya kuma ƙara min da wani abu, ya ce su kamfanonin ba da gigabait suke sayen layi ba yawanci, ana auna gudun layinsu ne duk minti 5, ƙarshen wata a zubar da kashi 5 cikin 100 mafi sama, wajen awa 36 kenan, a caje su a kan abin da ya rage. Ya ce naka ya kai awa 60 don haka ba za a ce bai taɓa su ba sam, amma megabit 50 a wurin mai ɗakin sabobi kamar ka ɗebi cokali ne a kogin Kaduna. Daga baya na ga Hetzner ta Jamus tana haɗa wa ƙananan sabobinta na Turai terabait 20 a wata, abin da ya haura kuma wajen yuro 1 kowane terabait. Rarar da aka ce in biya wa dala 300, a can ko yuro 2 ba ta kai ba. Santi 25 ɗin nan ba farashin data ba ne, tara ce.

Kuma ba ƙananan kamfanoni kaɗai ke yi ba. A Fabrairun 2024 wani mai ɗan ƙaramin shafi a babban kamfanin hostin na Netlify, a tsarin kyauta ma yake, ya tashi ya ga bil na dala 104,500, an ja masa terabait 190 cikin kwana huɗu, yawanci ta wani fayil ɗin sauti na megabait 3 da 'yan kai, su kuma suna cajin dala 55 kowane gigabait 100. Da ya yi kuka sai aka ce an rage masa zuwa kashi 5 cikin 100, sama da dala 5,000 kenan, sai da labarin ya karaɗe intanet sannan shugaban kamfanin ya fito ya ce an yafe. Da na karanta sai da na ajiye wayar na yi dariya ni kaɗai, fayil ɗin sauti dai, irin nawa sak. Bayan wata biyu wani ya nuna yadda rumbun ajiyarsa na Amazon S3 da babu komai a ciki ya jawo masa dala 1,300, saboda ana cajinsa har a kan buƙatun da aka ƙi amsawa, sai a watan Mayu Amazon ta ce ta daina cajin irin waɗannan. Duka biyun surutun jama'a ne ya cece su. Ni wa zai yi surutu a kaina, mai shafin ƙwallo da Hausa.

Ƙarshenta dai bayan imel wajen goma sun sauko zuwa dala 100, da sharaɗin in kwashe kayana in bar musu gida. Da shafina ne kaɗai wallahi da na bar musu shi su jiƙa su sha, amma ga makaranta, ga kemis, ga Hajiya, kuma kwafin ajiyar da nake da shi a hannu na watan Agusta ne, wannan shi ne laifina na uku in kuna ƙirgawa. Wani abokina mai asusun dala ya biya, na ba shi naira a hankali. Ranar 18 ga wata da Messi ya ɗaga kofi ina gaban kwamfuta ina kwashe fayiloli, ta ihun gidan kallon layinmu nake sanin an ci.

Yanzu duk shafin da na haɗa sai na sa shi a bayan Cloudflare, kamfanin da ke tare hari kafin ya isa saba, tun ranar farko, tsarinsu na kyauta ma ya isa irinmu, kuma tun 2017 suka ce ba sa cajin kowa a kan girman hari. Sai dai in an riga an san ainihin lambar IP ɗin sabarka za a iya zagaye su a doke ka kai tsaye, don haka a farko ake sakawa, ba bayan wuta ta kama ba. Murya da bidiyo ba na ƙara ajiye su a hostin, suna YouTube ko Telegram, can su ja sau miliyan in sun ga dama. Kwastoma kuma kowa da ɗakinsa, ba na ƙara haɗa su da wasannina. Kafin in biya kowane kamfani kuma sai na tura musu tambaya a rubuce, in aka kai min hari bandwit ya haura, rufewa kuke yi ko caji, in caji ne akwai iyaka ko babu, in ajiye amsar. Wanda ya ce min babu iyaka ba na ƙara minti ɗaya a shafinsa. Ni dai a rufe ni, in ba kwastoma haƙuri kwana biyu, ya fi min a bi ni bashin da ba ni na ci ba. Masu rubuta bandwit mara iyaka da manyan baƙaƙe ma ku shiga sharuɗɗansu ku nemi kalmar IRC ko chat, yawanci tana nan a kwance, iyakar kawai an mayar da ita kan ƙarfin saba ne.

Shi ya sa na ce wa yaron nan su buɗe guruf a Telegram ko WhatsApp su sa link a shafin, shi kenan. In kuma lallai sai ɗaki nasu na kansu, to su kama VPS, wato 'yar saba ta haya tasu su kaɗai, daban wadda babu komai a kanta sai shi, su tabbata kamfanin ya yarda, su kuma san cewa ranar da suka kori wani tsohon ɗalibi a kan rigimar kuɗin ƙungiya abin da ya same ni zai iya samunsu.

Mu ma can muka koma, guruf ɗin Telegram. Gaskiya ba daɗinsu ɗaya ba, mutane sun daina shiga shafin tunda hirar ta bar wurin, a hankali muka daina sabunta shi, bara ban ma sabunta sunan ba. Guruf ɗin dai yana nan, ana ta musun Messi da Ronaldo kamar ba a gaji ba. Akwai wani a ciki da ya shigo 'yan makonni bayan abin, ɗan Ronaldo ne na a mutu, kuma yadda yake jera alamar tambaya uku-uku a ƙarshen kowace magana irin na mutumin nan ne sak. Sau biyu yana zagin da ya isa a cire shi. Ɗaya admin ɗin ya ce min Malam mu fitar da shi mana, na ce a'a bar shi tukuna, ka dai goge saƙon.